Likita, yarinyata mai sistik faiburosis ta hana mu barci da susa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah a taimaka min. Ina da yarinya shekararta 4, tun tana jaririya aka gano tana da sistik faiburosis, wannan ciwon da majina ke yin kauri a huhu, kuma muna kan magani ba fashi, Creon duk cin abinci, da bitamin, da buga mata ƙirji safe da yamma, a ƴan watannin nan kuma aka ɗora ta a kan Trikafta. Toh yanzu wajen wata biyu kenan ƙaiƙayi ya sako ta gaba, da rana da ɗan dama-dama amma dare na yi sai ta dinga susa kamar zata cire fatar, tana goga tafin ƙafarta a jikin katifa tana kuka, kuma abin mamaki babu ƙurji ko ɗaya sai shatin farcenta kawai. Na canza sabulun wanka, na canza na wanki, na canza man shafawa, an ba mu Piriton ya sa ta barci na kwana biyu abin ya dawo. Wani likita da muka gani kusa da mu ya ce bushewar fata ce kawai. Babanta yana cewa mu dakatar da sabon maganin mu gani. Ni dai hankalina bai kwanta ba wallahi.
Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ta lafiya. Hankalinki da bai kwanta ba yana da dalili. Abu uku kika faɗa da suka sa na gyara zama: babu ƙuraje, da dare ya fi tsanani, kuma tafin ƙafa take gogawa. Idan waɗannan suka haɗu a jikin yaro mai sistik faiburosis, hanta ake fara dubawa kafin a koma maganar sabulu. Ban ce hantar ce ba fa, ban ga yarinyar ba, amma ita ce ba a so a tsallake.

Ga yadda abin yake. Mutane sun fi sanin ciwon nan da huhu, amma matsalar tana cikin wani ƙwayar halitta da ake kira CFTR wanda aka gano a 1989, aikinsa shi ne daidaita shige da ficen gishiri da ruwa a jiki, to idan ya samu tangarɗa duk wani ruwa da jiki ke fitarwa ta ƙananan hanyoyi sai ya yi kauri, na huhu, na hanji, na fankiriyas wato gaɓar da ke fitar da ruwan narka abinci, har da ruwan matsarmama da hanta ke haɗawa. Ruwan nan idan ya yi kauri baya gudu yadda ya kamata, kamar kwatar da ta toshe ne ruwa ya dinga komawa baya, sai wasu sinadaransa su taru a cikin jini, su ne ke tayar da irin wannan ƙaiƙayin. Shi ya sa fatar take nan lafiya lau a ido amma yaro na susa kamar zai yi hauka, kuma shi ya sa Piriton bai yi komai ba illa sa ta barci, don maganin alaji ne, ƙaiƙayin hanta kuwa ba alaji bane. Ciwon hanta mai alaƙa da sistik faiburosis yawanci a shekaru goman farko yake fara nuna kansa, kuma wajen kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ciwon ne abin ke kai su ga tabon hanta mai tsanani. Kin ga ba kowa bane, amma kuma ba abin da za a ce sai an jira ido ya yi ɗorawa bane, ƙaiƙayi yana iya riga ciwon shawara bayyana.

Daga yau ki sa ido a kan waɗannan: farin idonta a hasken rana ba hasken kwan lantarki ba, fitsarinta ko ya yi duhu sosai ko da tana shan ruwa, kashinta ko ya koma fari-fari, cikinta ko ya ƙara girma, ko tana yawan haɓo ko tabo na fita a jikinta ba tare da ta bugu ba.

Sai maganar Trikafta da babanta ya kawo. Tunaninsa ba shirme bane ko kaɗan. Maganin nan an fara amincewa da shi a Amurka a 2019, sai a 2023 aka sauko da shi zuwa yara ƴan shekara 2 zuwa 5, a Turai Kaftrio ake ce masa, kuma gaskiya ya canza rayuwar mutane da yawa, amma an san shi da abu biyu da suka shafi tambayarki. Yana kawo ƙuraje, wajen mutum 1 cikin 10 a gwajin da aka yi kafin a sake shi, saidai su ƙurajen ana ganinsu da ido kuma yawanci a satuttukan farko suke fitowa. Na biyu yana taɓa hanta, shi ya sa ake auna jinin hanta kafin a fara da kuma a kai a kai bayan an fara. To ke yaushe rabon da a auna nata? Wannan tambayar ita ce ta fi komai a yanzu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ku dakatar da maganin ku biyu a ɗaki ku zauna kuna jiran ku gani, saboda akwai waɗanda daina shi farat ɗaya ya sa tari da majina suka dawo musu da ƙarfi, sannan ko ƙaiƙayin ya lafa ba ku san halin da hantar ke ciki ba. Ki kira likitocin da ke kula da ciwon nata gobe-goben nan, kar ki jira ranar da aka rubuta muku a kati, ki ce musu yarinya na kan Trikafta, wata biyu tana ƙaiƙayi ba ƙuraje, ya fi da dare. Duk wanda ya san ciwon nan idan ya ji wannan zai ce a kawo ta a ɗebi jini. Idan kuwa kin ga idon ya yi ɗorawa, kar ki sake ba ta Trikafta sai kin yi magana da su a ranar.

Kuma ba Trikafta kaɗai ba. Yaran nan suna shan antibayotik fiye da sauran yara nesa ba kusa ba, shi ya sa alajin magani ya fi yawa a cikinsu. Fulukuloksasilin da Augmentin duk suna iya tsayar da ruwan matsarmama, kuma abin da ke rikita mutane shi ne yana iya fitowa bayan an gama shan maganin da satuttuka, uwa ta riga ta manta ma an sha. Sifurofuloksasin kuma yana sa fata ta kasa jure rana. Ki zauna ki rubuta duk abin da ya shiga bakinta a wata huɗun da suka wuce da ranar farawa da ranar gamawa, har wanda ba likita ne ya rubuta ba, wannan takardar zata yi wa likita amfani fiye da dogon bayani.

Gwajin da nake so ki tabbatar an yi: ALT da AST, da GGT, da bilirubin, waɗanda duk awon jini ne na lafiyar hanta, da ƙwayoyin jini masu sa jini daskarewa don suna raguwa idan saifa ta kumbura, sannan sikanin ɗin ciki. Ki roƙa a haɗa da awon sinadaran matsarmama na cikin jini idan ana yi, don ba kasafai yake cikin gwajin yau da kullum ba sai an nema. Kuma wani abu da ba a cika faɗa wa iyaye ba, a wannan ciwon ALT na iya fitowa daidai alhali hantar ta fara tabo, don haka "jininta lafiya" kaɗai bai rufe magana ba idan susar ta ci gaba.

To idan hanta ta fita fes fa? Sai a dawo kan abinci. Wajen kashi 85 cikin 100 na masu ciwon fankiriyas ɗinsu baya narka maiƙo, shi ne dalilin Creon, kuma yaro yana girma nauyinsa na ƙaruwa, adadin da ya ishe ta bara ba lallai ya ishe ta bana ba. Idan maiƙo na wucewa ba a tsotsa ba to bitamin A, D, E da K na bin sa, zink ma yana raguwa, fata sai ta bushe ta dinga ɓarewa, wani lokacin ta yi ja a gefen baki da wajen zama. Idan kashinta na maiƙo, yana wari fiye da da, ko nauyinta ya tsaya, ki faɗa. Amma kar ki ƙara Creon da kanki, yana da iyaka, yawansa na illata hanji.

Akwai kuma zufa. Kin san idan kika sumbace ta kina jin gishiri, zufarsu gishirinta ya ninka na sauran mutane, da shi ma ake gane ciwon, idan awon kuloraid, wato sinadarin gishiri, na zufa ya kai 60 ko sama. In ta bushe a jiki har wani fari-fari zaki gani a goshi da wuya, kuma yana cin fata. Sannan ki lura da tafin hannunta wajen wanka, da yawansu cikin minti biyu zuwa uku da shiga ruwa sai tafin ya yamutse ya yi fari yana ƙaiƙayi ko zafi-zafi. Wannan ba haɗari bane, rage daɗewa a ruwa ake yi.

Kar kuma mu ɗora wa sistik faiburosis komai, yarinya ce kamar kowace. Ƙazwa ma da dare take tashi, ki duba tsakanin yatsu da wuyan hannu, ki tambaya ko wani a gidan na susa. Idan duburarta take sosawa tsutsar ciki ce sau da yawa. Kwarkwata, kirci, ƙarancin jini, duk a duba. Likitan da ya ce bushewar fata ce ma yana iya yin daidai, kawai dai ba a nan ya kamata a fara tsayawa ba.

Kafin ku samu ganin likita, ki yanke mata farce ƙasa sosai, wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan ba mai zafi ba kuma a taƙaice, ki shafa mata basilin ko wani mai mara turare tun jikin da ɗan danshi, kayan barci na auduga marasa matsewa, ɗakin da iska. Tsumma mai sanyi a tafin ƙafa yana ɗan kwantar da shi ta samu ta yi barci. Ki daina Piriton ɗin nan haka kawai, yana busar da majina, ita kuwa tata kauri ne matsalarta tun asali. Jiƙe-jiƙe da duk wani haɗi da wani zai ce yana wanke jini ki ajiye su, hantar da ake zargi ba a ƙara mata kaya.

Idan leɓe ko fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko fata ta fara bororo da gyambo a baki da zazzaɓi, ko ta yi aman jini ko baƙin kashi, ko barci ya yi mata yawa har tana rikicewa, wannan asibiti ne a take ko da tsakar dare ne.

In an tabbatar daga hanta ne akwai abin yi. Ana ba da wani magani da ake kira urso don ruwan matsarmama ya saki, akwai kolestiramin da ke kama sinadaran a hanji, saidai shi yana kama bitamin da sauran magunguna ma, yana kuma sa taurin bayan gida, don haka sai an raba lokutansu da kyau. Akwai rifamfisin da ake bayarwa don irin wannan ƙaiƙayin, amma ki riƙe sunan nan da kyau, baya haɗuwa da Trikafta sam, yana sa jiki ya kore shi da wuri ya zama kamar ba a sha ba. Don haka duk likitan da zai rubuta mata wani abu, ko na fata ne ko na hanta, ki fara nuna masa kwalin Trikafta kafin ya ɗauki biro. Ki rubuto mana sakamakon gwajin idan ya fito.