Amsa: Lalle yana kashe ƙwayoyin cuta da gaske?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko gaskiya ce maganar kakarki cewa lalle yana maganin tsagewa da ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa, ganin maigidanki yana wuni cikin ruwa da laka a kasuwar Mile 12 da ke Legas.

Kakarki ba ta yi ƙarya ba. Jan launin da lalle ke bayarwa daga wani sinadari yake fitowa, ana kiransa lawsone. Shi ne yake manne wa fata da farce har ya yi makonni bai fita ba, kuma an gwada a ɗakin bincike an ga yana hana wasu ƙwayoyin bakteriya da fungas yaɗuwa. Gangamau ma rawayarsa tana da irin wannan aikin. Sai dai abin da aka gani a kwanon gwaji bai kai ƙarfin man shafawar asibiti ba, musamman a damshin Legas da ƙafa ba ta bushewa.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙin lallen nan da ake yi wa amare a Agege. Yawanci ana haɗa masa sinadarin rinin gashi, PPD, wanda ke ƙona fata har ta yi ƙuraje. Don Allah kada a sa shi kan ciwo. Jarirai kuma a nisanta su da lalle gaba ɗaya, domin yana fasa jinin yaron da ke da ƙarancin G6PD (wani sinadari ne a jiki da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), kuma wannan ya yawaita a Najeriya.

Maigidanki ya riƙa busar da ƙafar sosai, ya sa takalmin roba mai tsawo. In yana da ciwon suga, ya je asibiti tun yanzu.