Tambaya da Amsa: Ƙirji ya fito amma teɓa da ciwon kwankwaso sun ƙi tafiya

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni tela ne a Zariya, shekarata 27, wata biyar kenan ina zuwa wajen ɗaga ƙarfe na unguwarmu irin wanda ake zuba siminti a gwangwanin fenti a soka rodi a tsakiya ɗin nan. Kullum bayan asuba ina can, inyi benci (in kwanta in tura ƙarfe sama daga ƙirji) inyi na damtse sannan sitof (in kwanta in tashi zaune) ɗari kafin in wuce shago, to alhamdulillah ƙirji da hannu sun ɗan taso amma teɓar tana nan daram, kuma kwanaki na sunkuya zan ɗaukar wa Hajiyarmu buhun shinkafa sai naji kwankwasona ya riƙe, kwana uku ina tafiya a karkace har yaran shago suna min dariya. Dan Allah ina kuskuren yake?

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ƙara sauƙi. Gaskiya dai gini kake yi daga rufi ba'a zuba fandisho ba. Wata biyar kana bautawa ƙirji da damtse saboda su ake gani a madubi kuma su ke cika riga, amma cinya da ɗuwawu da gadon baya, inda manyan tsokokin jiki suke, ko kallo basu ishe ka ba, ga shi kuma wuni kake a zaune a kan keke ka ranƙwafa, to me zai hana buhu ya kayar da kai? Ka taɓa lura da masu dako a kasuwar Dawanau kuwa? Da yawansu sirara ne, ba wani ƙwanji na azo a gani, amma mutum zai saɓa buhun masara ya hau katako da shi har cikin tirela, domin ƙarfinsa a ƙafa da ƙugu da baya yake. Haka 'yan kokawa, duk wanda ya kalli gasar takobi ta Nijar ya san daga ƙugu kaye yake fitowa.

Maganar sitof kuwa ka huta da wahalar da kanka, kitse baya narkewa a wajen da ka matsa wa lamba kaɗai, jiki gaba ɗaya yake ragewa idan abinda kake ƙonawa ya fi abinda kake ci. Don haka teɓa a kwano ake yaƙarta, lemon kwalba, shayi mai suga cokali huɗu, tuwo malmala uku ƙarfe goman dare a kwanta, nan ɓarnar take. Kuma abinda turawa suke cewa "kwa", wato tsakiyar jiki, ba 'yan layukan nan shida na saman ciki bane kawai, ɗamara ce ta tsoka da ta zagaye ka, gaba da gefe da baya har da ƙasan mara, babban aikinta ta riƙe ƙashin baya kada ya lanƙwashe lokacin da kake ɗaukar nauyi. Kaga kenan riƙewa ya kamata ka koya mata ba lanƙwasawa sau ɗari ba.

Ka rage zuwa, kwana uku a sati ya isa, kamar Asabar, Litinin da Laraba, saboda lokacin hutu da barci tsoka take ginuwa, ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 kwana biyu ko fiye a sati tace manya suyi atisayen ƙarfafa dukkan manyan tsokoki. Duk ranar da kaje ka taɓa jiki duka: tsugunno da nauyi a riƙe a ƙirji, sai ɗaga nauyi daga ƙasa, sai firesof (ka kife ka tura ƙasa da hannu) ko bencin naka, sai jawo nauyi zuwa ciki kana ranƙwafe don baya ya samu rabonsa, sai tura nauyi sama da kai. Kowanne sau 8 zuwa 12, ka huta minti ɗaya ko biyu, zagaye uku. Wajen ɗagawa daga ƙasan nan nafi so ka nutsu domin shi ne maganin abinda ya same ka, ka matso da nauyin dab da ƙafarka, ka tura ɗuwawu baya, baya a miƙe kamar an ɗaura maka tsani, ka ɗaure ciki kamar wani zai nushe ka, sannan ka tura ƙasa da ƙafafu ka miƙe.

Na tsakiyar jiki kuma filank, wato ka dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe na daƙiƙa 30, sai na gefe, sai wanda nafi so duka, ka ɗauki jarka a hannu ɗaya kayi tafiya ba tare da ka karkace ba, ka sauya hannu. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, kaga jarka mai lita 20 a cike nauyinta ɗaya da sandar ƙarfen da maza suke ɗagawa a gasar Olamfik, kuma ta fi gwangwanin simintinku da ba wanda ya san nauyinsa, wani lokacin ma gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Fara da rabin jarka, duk sati ko biyu ka ƙara lita ɗaya.

Abinci ba sai ka sayi garin furotin na gwangwani ba, wake, ƙwai, awara, kifi, nono da ƙuli-ƙuli sun wadatar, allurar kumbura tsoka da ake tallata wa samari kuwa ka guje ta, tana taɓa zuciya da hanta har da haihuwa. Amma kafin ka koma, in ciwon yana sauka ƙafa ko kana jin ta tana dindiris, ko kaga wani kumburi a matsematsi in kayi tari, asibiti zaka fara zuwa, na ƙarshen nan zai iya zama ƙaba.