Kan jirgin da ya sha aiki da wanda ya faɗa kwata

Jiya da magariba muna rufe shago ka tare ni da tambaya a kan 'yan ƙananan jiragen ƙasan nan na kwaikwayo da muke tsufarwa da fenti don su yi kama da na gaske, na ce ka bari sai na samu zama. Cewa ka yi, "Maigida, fenti ɗaya muka ɗiba, buroshi ɗaya, me ya sa ɗan kan jirginka yake kamar yanzu ya iso daga Kano, nawa kuwa kamar an tsamo shi daga kwata?" Na yi dariya, amma ba raini ba ne. Ni ma na tsamo nawa daga kwatar nan fiye da sau ɗaya.

Yarona, kai datti ka shafa masa. Ka ɗauki baƙi ka bi ko'ina, ka ɗauki ruwan ƙasa ka sake bi, har da gilashin direba ba ka bari ba. Jirgin gaske ba haka yake tsufa ba. Duk tabon da ke jikinsa akwai inda ya fito, akwai kuma hanyar da ya bi. Idan ba za ka iya gaya mini daga ina tabo ya taso ba, to kada ka sa shi.

Ɗauki mai tururi, irin wanda dattijon nan ɗan fansho na reluwe ya kawo mu tsufar masa. Kwal yake ci, a ƙasar nan a da kwal ɗin Inugu. Hayaƙi na fita daga bututu, iska ta kwantar da shi baya, kunkunniya ta zuba a gadon bayan tukunyar da rufin ɗakin direba. Saboda haka baƙin sama yake, kuma baƙi ne busasshe marar ƙyalli, irin na gindin tukunyar tuwo. Wurin usur da inda tururi ke fita idan ya yi yawa, ruwa na tsiyaya ya bushe ya bar farin zane siriri, kamar wanda kake gani a cikin butar shayi da ta daɗe. Zanen nan ƙasa yake gangarowa, ya bi zagayen tukunyar, ba ya tafiya a kwance. Sandunan da ke juya ƙafafu kullum cikin mai da giris suke, don haka su kaɗai ne za ka bar wa ɗan sheƙi. Kusa da birki kuma garin ƙarfe ne ke tashi duk lokacin da aka taka, ya zauna ya yi tsatsa, sai wurin ya koma ja-ja mai duhu. Ka lissafa: baƙi a sama, fari a gangare, sheƙi a sanduna, tsatsa a gindi. Kai kuwa duk ka haɗa su wuri guda kamar fate.

Na dizal da sauƙi. Baƙi a bakin salansa bisa rufi, jirwayen mai inda ake ɗura tanki, ƙura a ƙafafu, sai fentin da rana ta cinye ya koɗe. Shi ke nan.

Abin da ya fi ba ni haushi a aikinka shi ne launin ƙurar. Ka kwaikwayi hotunan da kake gani a waya na jiragen Ingila, masu toka-toka da danshi. Can ruwa da sanyi ne ke tsufar da jirgi. Namu rana ce da jar ƙasa da ƙurar hunturu. Tun 1911 dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano, daga nan aka ja ƙaramin layin da ya hau Jos, wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja na Gusau da Ƙauran Namoda da ya kammala a 1929. Duk jirgin da ya bi hanyoyin nan da rani, jan gari yake kwasowa a ƙasansa, sama kuma farar ƙura ta lulluɓe shi kamar an barbaɗa masa garin dawa. Ga tasha nan a Sabon Gari, ba kuɗin mota za ka kashe ba. Je ka tsaya daga gefe, ka nemi izini wurin ma'aikata, ka ƙura wa tsofaffin taragun da ke ajiye ido. Dubi yadda tsatsa ke farawa daga kan kusoshi da bakin ƙofa, ta zubo kamar hawaye. Tsakiyar bango sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Sai maganar girma, wadda ita ce ke kayar da yawancin masu koyo. Wannan ɗan jirgin na ma'aunin HO ne, wato kashi ɗaya cikin 87 na jirgin gaske. Ɗigon fentin da ya kai milimita ɗaya a hannunka, a jikin na gaske ya kusa santimita 9, faɗin tafin hannu ke nan. Wanda ya tsaya mita ɗaya daga teburinmu, tamkar yana hango jirgi ne daga mita 87. Daga wannan nisan wa ke ganin baƙi wuluk? Ba kowa. Shi ya sa ban taɓa ɗibar baƙi tsantsa ba, sai na karya shi da ɗan fari da ɗan ruwan ƙasa. Inda zuciyarka ta ce ƙara kaɗan, a nan ne za ka ajiye buroshi ka je ka sha ruwa.

Ga yadda nake yi. Ina kwance gangar jikin daga kan injin, in wanke ta da ruwa da sabulun wanke kwanuka da tsohon buroshin haƙori, domin maiƙon yatsa ba ya barin fenti ya kama. Idan ta bushe sai in fesa mata ruwan rufi marar launi, wanda ba ya ƙyalli, don a kashe sheƙin roba. Wannan sheƙin shi ne ke tona asirin cewa abin wasan yara ne. Sannan in tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa kamar shayin da ba a sa wa madara ba, in ɗiga shi a lunguna. Da kansa zai gudu ya kwanta a ramuka da gindin kusoshi. Kafin ya kama sai in ɗauki tsinken audugar goge kunne in ja daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama zai wanke shi. Bayan nan buroshi busasshe: ka taɓa fenti mai haske, ka goge shi a takarda har ka ɗauka babu saura, sannan ka shafi gefuna da matakala a hankali. Za ka ga ƙarfe ya fito inda ƙafar ma'aikata ke gogawa.

Gari shi ne na ƙarshe, kuma shi na fi so, don idan ka yi kuskure yana gogewa. Allin zane mai launi nake kankarewa da reza, ja da ruwan ƙasa da baƙi, kowanne a murfin kwalbarsa. Sai dai ka sani, idan ka sake fesa ruwan rufi a kai, rabin garin zai ɓace wa ido, musamman mai haske. Sai ka ƙara, ka sake fesawa.

Kana iya amfani da jar ƙasarmu ta gaske, amma ka ji abin da ya same ni. Na taɓa ɗebo ta a bakin hanyar Samaru, na tace da ƙyallen tatar koko, na barbaɗa, ta yi kyau har na kira maƙwabta su gani. Kwana uku jirgi ya fara gurnani, ya tsaya cak. Da na buɗe, maganaɗisun ɗan injin lantarkin da ke cikinsa ya janye duk ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin ƙasar, ya yi gashi-gashi kamar gemun bunsuru. Tun ranar ba na taɓa ƙasa sai na bi ta da mayen ƙarfe sau uku. Haka tinar masu fentin mota, kada ta kusanci roba, narkar da ita take yi. Na yi asarar rufin tarago guda a kan haka, kuma ba nawa ba ne.

Wuri ɗaya fenti ba ya zuwa ko kusa: fuskar ƙafar da ke taka dogo, da 'yan siraran tagullar da ke gogar ta daga ciki. Ta nan wuta ke shiga. Ka toshe su, ka samu kyakkyawan jirgin da ba ya motsi. Rufe su da salatif kafin ka fara, in kuma wani abu ya taɓa, goge da sifirit tun bai bushe ba.

Ka kula da lokaci ma. Yanzu da hunturu fentin ruwa na bushewa a kan buroshi kafin ka kai hannu, don haka ɗan kaɗan za ka riƙa haɗawa. A watan Agusta kuwa, ranar da hadari ya haɗu, kada ka fesa ruwan rufi, danshi na sa shi ya yi fari-fari kamar hazo.

Naka na jiya bai mutu ba, tunda fentin ruwa ne kuma bai daɗe ba. Jiƙa shi da sifirit kaɗan, gwada a ciki tukuna kada ya ci lambobin, ka wanke shi ya koma yadda yake. Amma ba za ka sake taɓa kan jirgi ba sai ka gama da taragun gwanjon nan uku da ke cikin kwali a ƙarƙashin benci. Gefe ɗaya za ka yi wa kowanne, ka bar ɗayan da tsabtarsa don mu kwatanta. Gobe kafin ka zo ka biya ta tasha, ka kawo mini hoton ƙafafun tarago guda, daga kusa.