Amsar tambayar Malam kan mu Jasawa da aikin osileta

Malam barka da war haka, ya Kano ya zafi. Ka tambaye ni wai me ya sa mu Hausawan Jos muke kai yaro shagon gyara tun yana firamare har wajen wanda ba Bahaushe ba, kuma wai ni wane aiki nake da kullum ina gaban kwamfuta. To ai duk tambaya ɗaya ce.

Kakana haƙar kuza ce ta kawo shi nan, ya zauna a Gangare, kuma a ramin kuza ba a tambayar yarenka, wanda ya iya shi ake bi. Haka muka taso, yaro ya je allo da asuba, boko da hantsi, da yamma kuma wajen oga, ko Birom ne ko Ibo ko Bayarabe in dai hannunsa na da kyau kuma yana barin yaro ya tashi sallah. Ni wajen wani mai gyaran rediyo a Dilimi aka kai ni, shi ya fara gaya min dalmar da muke liƙe waya da ita yawancinta kuza ce, wallahi ranar ji na yi kamar gadon gidanmu na riƙe.

Yanzu osileta nake zanawa, wato ɗan abin da ke kaɗa bugu a cikin cif, ɗan ƙanƙanin allon lantarkin da ke cikin na'ura, dan duk na'urar da ke aika saƙo ta iska sai da shi. Rada ta mota mai hango abin da ke gabanta tana aiki a wajen gigahaz 77, bugu biliyan 77 kenan a daƙiƙa ɗaya, tsawon zangon, wato tazarar bugu da bugu a iska, bai cika milimita 4 ba. Matsalar ita ce osileta mai gudu irin wannan ba ya tsayawa kan kiɗa ɗaya, zafi ya ɗan canza ya zame, shi kuma kiristal, ɗan dutsen da ke ba da bugu mai natsuwa, a hankali yake tafiya, kamar megahaz 40, bugu miliyan 40 kenan a daƙiƙa. Sai mu haɗa su da abin da ake kira PLL, a rarraba bugun mai sauri har ya sauko daidai na kiristal, a gwada su, in ya yi gaba a ja shi in ya yi baya a tura shi. Ka tuna mata in suna lugude a turmi, ɗaya ce ke riƙe da kiɗan, wadda ta kuskure taɓarya ta haɗu.

Inda ake shan wuya kuwa, tsakanin miliyan 40 ɗin nan da biliyan 77 ninki 1,925 ne, duk 'yar rawar da ke jikin kiristal ita ma tana ƙaruwa da ninkin, ga kayan saita bugu suna raguwa da inganci in an hau sama sosai, shi ya sa da yawa ake gina osiletan a wajen gigahaz 20 sannan a ninka sau 4. Ni ma hanyar da na fi yarda da ita kenan. Zanen daga nan Jos nake yi amma ƙira sai Taiwan, ka jira watanni kafin ka ga ko ya yi, a nan haƙurin da oga ya koya min yake min rana.

Shi ya sa da ka ce Abba na son taɓa wayoyi na ji daɗi sosai. Turo mana shi hutun nan Malam, ya taho da rigar sanyi.