Tambaya da Amsa: Kajiji ne Ko Aya-aya?

Tambaya: Anti, na sayi kajiji don haɗa wa ƙanwata turaren wutar aure. Na daka, na ɗora a garwashi, sai hayaƙi kawai da ɗan ƙauri. Maƙwabciyata ta ce aya-aya aka sayar mini. Yaya ake bambancewa? Daga wata mai karatu, Gashuwa.

Amsa: Ƙanwata, ina jin maƙwabciyarki ta yi gaskiya. Aya da muke ci, da aya-aya, da kajiji duk dangi ɗaya ne, shi ya sa idan saiwar ta bushe ake ruɗa mai saye. Amma a daji ba sa kama da juna. Aya-aya gajeriya ce, tana da ganye, karanta mai kusurwa uku ne, ita ce ke addabar manoma a gona. Shi kuwa kajiji sai cikin ruwa, a fadama ko bakin tafki. Karansa a mulmule yake, kusan babu ganye, yakan kai ƙirjin mutum. Idan kika shafa busasshen karan da yatsa za ki ji gaɓoɓi a jere a cikinsa.

Ina yarinya nakan bi kakata fadama da rani, bayan ruwa ya janye. Takan tono saiwar, ta wanke taɓon, ta kankara da farce ta kai hanci. Wannan gwajin nake so ki riƙe. Kafin ki biya kuɗi, ki karya ɗaya ki sansana. Kajiji na gaske tun bai ga wuta ba ƙamshinsa ke tashi, mai ɗan yaji, kuma yakan daɗe a yatsa. Aya-aya ma tana da nata, amma ba ya kai haka. Garin da aka riga aka daka, ni ba na saye.

Ku da kuke kusa da fadamun Haɗejiya zuwa Nguru, abin da ke ci mini rai shi ne tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 ambaliyar ta ragu, doguwar ciyawar ruwan nan da ake kira kacalla kuma ta cinye wurare da dama. Don haka na dasa nawa kajijin a tsohon baho, cikin taɓon da ba na bari ya bushe. Ki nemi ɗanyar saiwa mai tsiro ki gwada. Na auren nan kuwa, ki tafi kasuwa da maƙwabciyar taki.