Amsar tambayar nan ta Galileo da coci

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ka tambaya wai da gaske ne cocin Katolika ta ƙona Galileo, masanin taurarin nan na Italiya, don ya ce duniya a mulmule take kamar ƙwallo, a'a, ba wanda ya ƙona shi, kuma ba a kan wannan aka yi rigimar ba. Maganar ƙwallo tun zamanin Girkawa masu ilimi sun san da ita. Rigimar ita ce wa ke zagaya wani, rana ce ko duniya. Wanda aka ƙona Giordano Bruno ne, a birnin Rum a 1600, shi ma galibi kan aƙida ne.

Abin nan na ci min rai wallahi, don muna sakandare wani malaminmu ya ce an kashe Galileo, na ɗaga hannu na ce Malam ba haka na karanta ba, mutumin nan ya sa ni durƙuso a rana har aka tashi, wai na cika iyayi. Har yau ban manta ba. To bar wannan.

Shi fa Copernicus, masanin taurarin da ya fito da zancen cewa duniya ce ke zagaya rana a littafinsa na 1543, ma'aikacin coci ne, har sadaukar da littafin ya yi ga Paparoma Paul na 3, aka yi shekara saba'in da ɗoriya ba a hana littafin ba. Sai da Galileo ya ɗaga na'urar hangen nesa a 1610 ya ga watanni huɗu irin namu na sama na zagaya duniyar Jupiter, surutu ya yi yawa, shi ne a 1616 Kadinal Bellarmine, wani babban malamin coci, ya ja masa kunne kada ya ƙara kare ra'ayin.

Inda ya ballo ruwa, Paparoma Urban na 8 abokinsa ne fa, ya bar shi ya rubuta littafi kan ra'ayoyin biyu, sai Galileo ya ɗauki hujjar Paparoman ya sa a bakin wani da ya ƙirƙira a littafin mai suna Simplicio, sunan da ke kama da sakarai. Haba! Ko hakimin ƙauye ka yi wa haka ai ka san sauran. Littafin ya fito 1633, a'a afuwan, 1632 ne, shari'ar ce 1633. Aka tilasta masa janye maganarsa, aka yi masa ɗaurin talala, ya ƙare a gidansa na Arcetri kusa da Florence, ya makance, ya rasu 1642.

Kada wani ya ce ina wanke coci, zalunci ne, Paparoma John Paul na 2 da kansa ya amsa kuskuren a 1992. Amma hujjar da Galileo ya fi ji da ita, wai motsin duniya ne ke sa teku cika da janyewa, ba daidai ba ce, aikin watan sama ne galibi. Kuma kalandar bature da muke bi, Paparoma Gregory ne ya gyara ta a 1582 da masana taurarinsa, suka tsallake kwana 10 a Oktoba... caji na zai mutu, sai anjima.