Mijina soja ya fara dukana tun da ya dawo daga Diffa

Ƴar'uwa, kin tambaya ko aikin soja ne ya sauya shi. Yana iya yiwuwa. Tun 2015 da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, sojojinmu suna ganin abin da ido bai so. Wani ya dawo Damagaram ba barci, ƙarar rufe ƙofa ma ta firgita shi, abu kaɗan sai fushi. In tramol ko giya suka shiga, ga zargin da doguwar rabuwa ke haifarwa, abin ya ƙara muni.

Amma ni ban yarda wannan uzuri ne ba. In ya taɓa shaƙe ki, ko akwai bindiga a ɗakin, kada ki kwana, tafi gidanku. Ki je likita a rubuta raunin, magabatanku su kai maganar wajen shugabansa a bariki.